Kada Ka Taɓa Python ɗin Gida

Wanda ya baro titin Ikorodu ya kutsa cikin Ilupeju, katangun masana'antu zai fara gani, da tirelolin da ke jiran lodi. Tun farkon shekarun 1960 aka ware wurin don masana'antu, kuma har yanzu a nan hedikwatar Nestlé ta Najeriya take, a Industrial Avenue, ga PZ Cussons a Town Planning Way. Abin da ba a hangowa daga titi shi ne wani ɗan ɗaki marar taga da kusan kowane babban kamfani yake da shi, iyakwandishan na huci a ciki dare da rana. A nan ake ajiye sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da lissafin albashi da na kayan sito da bashin da ake bin diloli daga Onitsha har Kano. A irin wannan ɗaki na yi ƙuruciyata ta aiki, ina sammako daga Agege, in sauka Oshodi, in canja mota. Yanzu da aka buɗe jirgin Red Line a 2024 matasa na yin wannan tafiya a zaune, mu kuwa a maƙale a ƙofar danfo muka yi tamu.

Sana'ar da nake son in ba da tarihinta ba ta da kanti, ba ta da ƙungiya, a takardar albashi ma ba a rubuta sunanta. Ɗaurin manhaja ce: mutum ya ɗauko rubutun da wasu suka yi, ya harhaɗa shi ya dace da irin injin da ke gabansa, ya ɗaure shi cikin ƙunshi guda, ya rubuta a jikinsa abin da yake buƙata kafin ya yi aiki, ya sa hannu.

A farkon shekarun 1990, duk mai son manhaja a kan Linux shi zai sauko da ɗanyen rubutunta ya harhaɗa da kansa. In ta ce tana buƙatar wani laburare, ya je ya nemo, shi ma laburaren ya ce yana buƙatar wani. Bayan shekara guda babu wanda zai iya faɗa maka abin da ke cikin injin, har shi wanda ya zuba. Ian Murdock ya kafa Debian a 1993 da tsarinta na ƙunshi, kamfanin Red Hat kuma ya fito da nasa mai suna RPM, aikin Marc Ewing da Erik Troan, a tsakiyar shekarun 1990. Daga nan injin ya sami littafin rajista: kowane fayil an san ƙunshin da ya kawo shi, an san sigarsa, an san wanda zai faɗi in an cire shi. Sai aka ƙaro yum a kai, wanda zai je ma'ajiya da kansa ya kwaso ƙunshi da duk abin da ya dogara da shi.

To, a nan zaren labarin ya ƙullu. Da harshen Python aka rubuta yum. Guido van Rossum ne ya fitar da harshen a Amsterdam a 1991, kuma da sauƙin karantawarsa ya shiga ran injiniyoyin Red Hat, har suka rubuta manhajar girka tsarin, Anaconda, da shi, da kayan aikin gudanarwa da yawa. Ma'ana, Python ɗin da ka tarar a kan saba ba don kai aka ajiye shi ba. Na gida ne, shi ke riƙe da makullin sito. Kuma Red Hat Enterprise Linux, wanda muke taƙaitawa RHEL, alkawarinsa ga kamfanoni shi ne shekara 10 ba tare da an sauya musu tushe ba. RHEL 5 ya zo a 2007 da Python 2.4. RHEL 6 ya zo a ƙarshen 2010 da 2.6. RHEL 7 ya zo a Yunin 2014 da 2.7. Kowanne, sigar da ya zo da ita, da ita ya tsufa. In an gano ɓaraka ta tsaro a sabon Python, ma'aikatan Red Hat kan yanko gyaran kawai su liƙa shi a kan tsohon, lambar siga ba ta motsa ba.

Kawuna ɗan goro ne a Zangon Agege, cikin zuriyar mutanen da cinikin goro da layin dogo suka kawo nan bayan da jirgi ya isa Kano a 1911. Shi ne mutum na farko a gidanmu da ya gane aikina. Da na gama yi masa bayani ya ce, "Ashe daushe kuke ajiyewa." Na ce, "Kawu, kamar yaya?" Ya ce goron bara ba ya kai baɗi don kansa. Sai an riƙa kwance huhu, a tsince mai sankara, a canja ganyen fita, a sake ɗaurewa, kuma in ya isa Kano da lafiyarsa ba wanda zai tambayi sunan wanda ya ɗaure, sai ranar da ya ruɓe. Ban taɓa jin wanda ya bayyana aikin Red Hat a taƙaice haka ba.

A Legas wannan sana'a ta ɗauki wani nauyi da takwarorinmu na Turai ba su sani ba. Kafin 2010, intanet ɗin kamfanoni ko dai ta kwanon tauraron ɗan'adam yake zuwa, ko ta igiyar SAT-3 da ke hannun NITEL, ga tsada ga jan ƙafa. Sauko da faifan girka tsari guda aikin kwana ne, a bar shi ya kwana yana tafiya, a yi addu'ar kada wuta ta ɗauke a tsakanin NEPA da janareta ta yanke shi. Sau da yawa ya fi sauƙi mutum ya hau mota zuwa Computer Village a Ikeja ya nemi wanda ya riga ya sauko da shi ya buga masa a faifai. Saboda haka duk wanda ya san abin da yake yi, ma'ajiyar cikin gida yake ginawa: a sauko da ƙunshi sau ɗaya, a ajiye a injin guda, sauran sabobi su riƙa ɗiba daga can. Da igiyar MainOne ta Funke Opeke, wadda ta taso daga Fotugal, ta fara aiki a Yulin 2010, Glo-1 kuma a wannan shekarar, abubuwa suka sassauta, amma al'adar ma'ajiya ta zauna a hannun tsofaffinmu.

Akwai kuma batun dala. Bankunan da suka tsira daga garambawul ɗin Charles Soludo na 2004 zuwa 2005, lokacin da 89 suka koma 25, suna da ƙarfin biyan lasisin shekara-shekara. Matsakaitan kamfanoni kuwa CentOS suka runguma, wanda ba wani abu ba ne illa RHEL ɗin da 'yan sa-kai suka sake harhaɗawa suka cire tambarin kamfani suka bayar kyauta. Tsari ɗaya, Python ɗaya, sai dai babu lambar wayar da za ka kira in ta ɓaci. Kai ne lambar wayar.

Ana cikin haka Python 3 ya fito a Disambar 2008, kuma da gangan aka ƙi sa shi ya karanta duk rubutun Python 2. Mutane sun yi ta gunaguni a kan ƙananan abubuwa, kamar tilasta wa umarnin print baka biyu. Amma babban dalilin sauyin ya shafe mu fiye da masu gunagunin. Python 2 bai rarrabe rubutu da ɗanyen bayanai yadda ya kamata ba, kuma in ba a yi hattara ba haruffan Turanci kaɗai yake ɗauka a matsayin lafiyayyu. Na sha ganin manhajar fitar da rahoto ta tafi sumul a kan dubban sunaye, ta zo kan wani Ɗanladi mai ƙugiya a ka, ko sunan Bayarabe mai ɗigo a ƙasa, ko alamar ₦, ta kife. Maganin da aka saba yi shi ne a aske wa sunan ƙugiyarsa. Python 3 ya mai da Unicode tushen rubutu. Saboda wannan kaɗai ban taɓa shiga sahun masu cewa sauyin banza ne ba.

Sai dai ƙaura ta ɗauki lokaci fiye da yadda kowa ya zata. An fitar da 2.7 a 2010 a matsayin auta, aka ce za a yaye shi a 2015, sai a 2014 aka ɗaga zuwa 1 ga Janairun 2020. Ka lura da shekarar: a 2014 ɗin da aka yi wannan sanarwa RHEL 7 ya fito da 2.7 a cikinsa, da alkawarin raka shi har 30 ga Yunin 2024. Wato shekara huɗu da rabi bayan masu harshen sun rufe littafinsa, yana nan yana riƙe da sabobin da ke biyan mutane albashi.

A wannan tsakanin ne Ilupeju ta ga wasu sababbin fuskoki. Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don horar da matasa rubuta manhaja, wanda kuma gidauniyar Chan Zuckerberg ta jagoranci zuba masa dala miliyan 24 a 2016, ya kafa babban ofishinsa a EPIC Tower, lamba 235 a titin Ikorodu. Sai ga samari da 'yan mata da jakar kwamfuta a baya suna layi a wajen mai sayar da abinci tare da direbobin tirela. Wannan zamani na matasa, na Andela da na Yaba da na jami'o'i, da Python 3 suka buɗe ido. Ba su san wani ba. A kwamfutarsu ta cinya, umarni ɗaya na pip ke kawo musu duk abin da suke so daga ma'ajiyar PyPI cikin daƙiƙu. Andela ya koma aiki daga gida gaba ɗaya a 2020, amma ɗabi'ar da zamanin ya zo da ita ta riga ta shiga kowane ofis.

Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo mana, ɗan Zariya, mai kaifin kai, ya taɓa tsare ni a bakin ɗakin saba. Ya ce, "Oga, don Allah me ya hana a cire wannan tsohon a sa sabo? Minti goma ne fa." Na ce, "Ƙanena, zo ka gani." Na buɗe masa fayil ɗin yum na CentOS 7. Layin farko yana kiran /usr/bin/python. Ƙasa kaɗan akwai wurin da aka sa waƙafi, inda Python 3 ke son wata kalma dabam. Waƙafin nan guda ya isa: in ka mai da wannan suna kan Python 3, yum ba zai ko tashi ba, kuma shi ne kayan aikin da za ka yi amfani da shi ka gyara ɓarnar. Na san wani kamfani, ba zan kama suna ba, da ɗan kwangila ya yi musu haka ranar Juma'a da yamma ya tafi gida. Sai da aka kwashe ƙarshen mako ana dawo da fayiloli da hannu daga wani injin. Shi ya sa maganar farko da ake gaya wa sabon shiga a wannan aiki ita ce kada ya taɓa Python ɗin gida.

Amma yaron yana da gaskiyarsa, kuma tsofaffinmu da yawa sun ƙi ji. Shi ma an ba shi aiki, laburarorin da yake buƙata sun daina tallafa wa tsohon harshe, kuma "a'a" ba amsa ba ce. Tarihin shekarun 2010 a wannan fage tarihin neman yadda za a saukar da baƙo a gida ne ba tare da an kori mai gida ba. Wasu suka riƙa harhaɗa sabon Python da kansu su girka shi a gefe da umarnin altinstall. Ma'ajiyar EPEL, wadda mutanen Fedora suka fara a 2007, ta kawo Python 3 da suna dabam. IUS, da ta samo asali daga kamfanin Rackspace, ta yi haka. Red Hat ta fito da Software Collections a 2013, inda ake killace sabuwar siga a ƙarƙashin /opt, ba ta bayyana sai ka kira ta. Ian Bicking ya riga ya ƙirƙiro virtualenv tun 2007, kowane aiki da keɓantaccen wurinsa na laburarori. Docker ya zo a 2013 da kwantena, ya ce a kwashe manhaja da harshenta da komatsanta a rufe a akwati guda.

Duk waɗannan sun magance tara cikin goma. Ɗayan da ya saura shi ne ainihin abin da ya hana sana'armu mutuwa, kuma shi ne aka fi kasa fahimta.

Akwai wasu laburarori da ba manhajar kasuwanci suke yi wa hidima ba, tsarin injin kansa suke taɓawa: wanda ke magana da rajistar RPM, wanda ke magana da yum ko magajinsa dnf, wanda ke magana da SELinux, shingen tsaron da hukumar NSA ta Amurka ta saki a 2000 wanda kuma RHEL ke kunnawa tun daga girki. Mafi yawansu asalinsu da harshen C ko C++ aka rubuta su. Abin da Python ke gani wata 'yar gada ce da aka harhaɗa musamman don siga ɗaya. Gadar da aka gina wa 3.6 tana zaune a jakar 3.6, sunan fayil ɗinta ma yana ɗauke da lambar, kuma 3.11 ba zai taka ta ba ko ka kwafa ta ka kai masa har ƙofa. Sannan dole gadar ta dace da ainihin laburaren da ke kan wannan injin, ba na wani ba. Wannan ne ya sa ba abu ne da za a jefa a PyPI kowa ya ɗauka ba, kuma kwantena ba ta taimaka, tunda aikin shi ne gyara gidan da kwantenar ke zaune a ciki.

Red Hat ta koyi darasi a RHEL 8, wanda ya fito a Mayun 2019. Ta ɓoye Python ɗin gida, 3.6, a wani lungu da sunan platform-python, har ma in ka buga python kawai babu abin da zai amsa. Daga baya ta riƙa ƙaro 3.8, 3.9, 3.11 da 3.12 a gefe don masu rubuta manhaja. Dabara ce mai kyau. Amma gadojin dnf da SELinux na 3.6 kaɗai aka gina wa. Shi kuwa harshen, tun daga 3.9 sabuwar siga yake fitarwa kowace shekara, kowace da tallafin shekara 5. Masu harshen sun sallami 3.6 a Disambar 2021, RHEL 8 kuwa sai 2029. Agogo biyu ne da ba sa tafiya tare, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Inda abin ya fi cizo shi ne Ansible, kayan aikin da Michael DeHaan ya rubuta a 2012, Red Hat ta saya a 2015, wanda ke ba mutum ɗaya damar gudanar da ɗaruruwan sabobi daga kujerarsa. A 2024 sigarsa ta 2.17 ta daina aiki da 2.7 da 3.6 a kan injinan da ake gudanarwa. Sai mai RHEL 8 ya tsinci kansa a tsaka mai wuya: in ya nuna wa Ansible sabon Python, babu gadar dnf; in ya nuna masa tsohon, ba ya karɓa. Kayan gida ɗaya ne fa, dukkansu. Yawancinmu tsayawa muka yi a kan 2.16.

Wanda ya ce shi sai ya gina gadar da kansa, hanya a buɗe take, kuma tsohuwar hanya ce tun zamanin Ewing da Troan. Zai sauko da ƙunshin asali, ya buɗe fayil ɗin spec, wato takardar da ke faɗin yadda ake harhaɗawa da inda kowane fayil zai zauna, ya ƙara sashen sabuwar siga da suna dabam don kada ta danne na gida. Zai harhaɗa a cikin mock, wanda ke gina tsaftataccen wuri kowane karo don kada dattin injinsa ya shiga ƙunshin. Zai sa hannu da makullinsa na GPG, ya ajiye a ma'ajiyar kamfani. Wannan duka mai hannu zai gama a wuni guda. Abin da ba a gaya wa matasa shi ne, daga ranar ya ɗauki lamuni. Duk lokacin da Red Hat ta fitar da facin tsaro a laburaren, shi ma sai ya sake gina tasa gadar, in ba haka ba ko sabuntawa ta tsaya, ko gadar ta saɓa da abin da ke ƙarƙashinta. In ya bar aiki, lamunin bai bar kamfanin ba. Kuma a shekarun nan da ƙwararru ke ta ficewa zuwa Kanada da Ingila, na gaji ƙunshi fiye da ɗaya da babu wanda ya san inda spec ɗinsa yake. Shi ya sa nake ƙin yarda da sauri in an ce mini a gina, ba don wuyar ginin ba.

Ƙasar da muke tsaye a kai ma ta motsa. IBM ta sayi Red Hat a 2019 a kan dala biliyan 34. A Disambar 2020 aka sanar cewa CentOS 8, da mutane suka girka da tsammanin zai kai 2029, zai ƙare a ƙarshen 2021. Gregory Kurtzer, ɗaya daga waɗanda suka kafa CentOS, ya fara Rocky Linux, kamfanin CloudLinux ya fara AlmaLinux, kuma can mafi yawan waɗanda na sani suka koma. Bayan sakin naira a Yunin 2023, kai wa shugaban kuɗi takardar lasisin dala ya zama aikin jarumta. A wannan shekarar dai Debian 12 ta zo da wani sabon abu: in ka ce wa pip ya zuba kaya a Python ɗin gida, sai ya ƙi, sai ka ƙara masa wani umarni da ke faɗi ƙarara cewa ka yarda ka karya tsarin. Gargaɗin da muka yi shekaru muna yi da baki, an rubuta shi a cikin kayan aikin.

Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu suka yanke a kusa da gaɓar Kodebuwa, ciki har da MainOne da SAT-3. Bankuna suka yi ta aika saƙon ban haƙuri. A ranakun nan, waɗanda tsarin aikinsu ke kwaso laburarori daga waje kowane karo sun zauna sun naɗe hannu, masu ma'ajiyar cikin gida kuwa, wadda matasa ke yi wa dariya a matsayin kayan zamanin NITEL, suka ci gaba da girke-girkensu. Bayan nan an amince mini da faifan ajiyar da na daɗe ina nema, ba tare da dogon taro ba.

RHEL 9 ya zo a 2022 da 3.9, wanda masu harshen suka sallama a ƙarshen 2025 alhali tsarin zai kai 2032. RHEL 10 ya zo a 2025 da 3.12, wanda shi ma masu harshen za su sallama a 2028. Ɗan Zariyan nan yanzu yana wani kamfanin hada-hadar kuɗi a ɓangaren tsibiri na Legas. Kwanan baya ya kira ni da dare, ba gaisuwa mai tsawo, ya ce, "Oga, wasu yara na so in ba su izinin canja Python a kan sabar biyan kuɗi. Turo mini spec ɗin nan naka na SELinux in duba." Na tura masa, na ce ya fara tambayar shugabansa wanda zai riƙa sake ginawa bayan shi.